Mayahi: kat-san-kat da Land Rover a rairayin Gulbin Kaba

Duk wanda ya ratse daga babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram a Cadawa, ya yi arewa, zai iske Mayahi a bakin Gulbin Kaba, kwarin goriba da rairayi. A tashar garin na tarar da wata gardama da ta girme ni, tsakanin tsofaffin direbobi biyu. Ɗaya ya ci abinci da Peugeot 404, wadda aka fi sani da kat-san-kat. Gudan kuma Land Rover ta gwamnati ya tuƙa har ya ajiye aiki.

Land Rover ce babba. An fito da ita a Ingila a 1948, lokacin da ƙarfe ya yi wuya bayan yaƙin duniya na biyu, shi ya sa aka yi mata jiki da alminiyam, wanda ba ya tsatsa. Samfurin 1958 ya zo da inji mai lita 2,3 da ƙarfin doki 77, ƙafafu huɗu duka suna ja. Ita kuwa 404, Faransa ta haife ta a 1960: lita 1,6, doki 72, ƙafafun baya kaɗai ke turawa. Amma a gudron ƙaramar 404 tana haura kilomita 140 a awa, gudun da Land Rover ba ta ko mafarkinsa. Sau huɗu ta ci tseren Safari na gabashin Afirka, a 1963, 1966, 1967 da 1968.

Sai dai ƙauyukan Mayahi ba filin tsere ba ne. Na tambayi mai Peugeot:

"Baba, in bashe ta kafe a hanyar Kanambakashe fa?"

"Yaro, sai a rage iskar taya, fasinja su sauka su tura. Ba don haka Allah ya ba su ƙafa ba?"

Mai Land Rover ya yi murmushi, ya ce shi bai taɓa sauke mace mai naƙuda ta tura mota ba. Nan wurin ya yi tsit.

Duk da haka, a ganina bashe ce ta riƙe kasuwa. Mai kaɗan take sha, tana ɗaukar buhunan gyaɗa da wake da mutane bisa kansu. Tun da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975 kuma, kayan gyaranta suka samu ta Kano da Maraɗi. Land Rover shan mai gare ta, kuma in ta lalace sai a jira takardar ofis. Motar hukuma ce, ɗan kasuwa bai cika kusantar ta ba.

Yau Toyota ta kore su duka biyun. Na tambayi dattijon inda tasa ta ƙare. Ya ce bayan an yi gwanjonta, maƙeran tukunya ne suka saye jikin.