Yadda Sudusi Ya Ceci Akuyar Inna

'Yan uwana ɗalibai, duk kun san ni da hisabi ba ma ga maciji. Abin da ya shirya mu a gona ya faru.

Daminar bara na je gida, ƙauyenmu da ke kusa da Maradi, saura kwana 5 in koma jarrabawa. Na tarar Baba kwance da ciwon baya, ciyawa kuma tana neman cinye hatsi. Shawarar da aka yanke ita ce a sayar da akuyar Inna a biya 'yan ƙwadago. Akuyar kuwa ɗaya ce tilo, ga ta da ciki.

Na ce, "Baba, mu za mu nome." Ya ce, "Kai kaɗai kwana 6 za ka yi, ƙanenka kuwa sai 12. In kun haɗu kwana nawa?" Na tara 6 da 12, na raba biyu, na ce, "Tara." Inna ta yi dariya ta ce, "Ikon Allah! Kai kaɗai shida, an ba ka mataimaki kuma ya zama tara? Wannan wane irin karatu ne?" Wallahi kunya ta kama ni.

Da dare na kasa barci, sai darasin fara'ili ya faɗo mini. In mutum ya rasu ya bar mata da uwa, ba ɗa ba 'yan uwa, matar tana da rubu'i, uwar sulusi. Malam ya koya mana mu fara neman asalin mas'ala, wato adadin da zai rabu wa kowa ba guntu: 12. Ashe gona ma haka take. Kuskurena kwanaki na tara, alhali aikin yini ɗaya ake tarawa. Ni a yini ina nome sudusin gona, ƙanena rabin sudusi. Na kasa gonar kashi 12 a ƙasa da tsinke. Ni kashi 2 a yini, shi kashi 1, mu biyu kashi 3. A raba 12 gida 3, kwana 4 ke nan.

Da asuba na nuna wa Baba zanen. Ya duba ya ce, "To, a bar akuya, mu gani."

Gaskiya ba mu gama a kwana 4 cif ba. Rana ta uku ruwa ya tsare mu har azahar, hannun ƙanena kuma ya yi kanta. Sai da hantsin rana ta biyar muka aje hauya, na yi wanka na kama mota. Nan na gane lissafi yana ɗauka kowa zai yi aiki da ƙarfi ɗaya kullum, ba ruwansa da hadari ko gajiya. Mai hankali sai ya lissafa, ya bar sarari, ya ce in sha Allahu.

Daga baya Malam ya gaya mana cewa Alkhawarizmi, malamin Bagadaza da aljabara ta samo suna daga littafinsa, ya ware babban ɓangaren littafin don lissafin gado da wasiyya. Ni da nake zaton hisabi na 'yan lakwal ne kaɗai!

Ga ƙannenmu: in aka ba ku irin wannan tambaya, ko ta famfo biyu masu cika tanki ce, ku nemi aikin kowa a yini ɗaya ko awa ɗaya, ku tara, sannan ku raba. In amsarku ta fi lokacin wanda ya fi sauri yawa, ku tuna dariyar Inna.

Akuya dai ta haifi biyu. Allah ya ba Baba lafiya, amin.