Tsohuwar Kwamfuta da Takardar Jarrabawa a Dirin Daji

Aikin malamin makaranta a kan takarda yake ƙarewa. Ko da a kwamfuta ya tsara darasinsa, ranar jarrabawa takarda zai miƙa wa ɗalibai, ranar hutu kuma takardar sakamako yaro zai kai wa mahaifinsa. Saboda haka kwamfutar da ba ta iya fitar da abin da ke cikinta zuwa takarda, tamkar rumbu ce cike da dawa wanda aka rasa tsanin hawansa.

Wannan matsala ta fi damun malamin da ke nesa da manyan birane, kamar mai koyar da Hausa a Dirin Daji, cikin ƙaramar hukumar Sakaba ta masarautar Zuru a Jihar Kebbi. Kwamfutar da albashinsa yake iya saya ita ce ta hannu, wadda ta gama wa wani aiki a Turai ko Amurka kafin ta iso. Babbar manhajar da ke tafiyar da ita kuwa, mai yiwuwa Windows 7 ce, wadda kamfanin Microsoft ya daina kula da ita a Janairun 2020, ko Windows 10 wadda wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 ba ta karɓar yawancin irin waɗannan tsofaffin na'urori. Idan kwamfutar ta fara nauyi, sai malam ya haƙura ya kwashi tambayoyinsa zuwa shagon buga takardu. A nan zai biya kuɗi a kan kowane shafi, tambayoyin kuma su ratsa ta hannun mutanen da ba ruwansu da sirrin jarrabawa. Abin da ya fi ciwo shi ne, sau da yawa baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, a hanya suke salwanta.

Wanda bai karanci Hausa ba zai ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Amma malamin da ya rubuta "ƙura ta tashi", takarda ta fito da "kura ta tashi", ya mayar da darasin yanayi labarin dawa. Haka baƙi yake komawa baki, ɓari ya koma bari, ɗa ya koma da. Tun shekarun 1930 aka shigar da waɗannan baƙaƙe cikin rubutun boko, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939 ta taimaka wajen yaɗa su. Ba daidai ba ne a ce malamin da yake rage wa yaro maki saboda kuskuren ƙa'idar rubutu, shi ne zai raba takarda mai ɗauke da kuskuren nan a kowane layi.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Kwamfutar da ta gaza ɗaukar sabuwar Windows ba ta mutu ba, kaya ne suka yi mata yawa. Akwai manhajoji marasa nauyi daga dangin Linux, waɗanda ake samu kyauta kuma doka ta yarda a kwafa a ba wani. Linus Torvalds, wani ɗalibi a ƙasar Finlan, ya sanar da fara aikin Linux ranar 25 ga Agustan 1991, kwana biyu kafin a ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato. Daga wannan tushe aka sami rassa irin su Lubuntu da antiX da Puppy Linux, wadda Barry Kauler ya fara a Ostareliya a 2003. Ana iya tayar da kwamfuta da kowace daga cikinsu ta ɗan filashi, a gwada ta ba tare da an goge komai ba. Da wannan, na'urar da ake jira ta buɗe har shayi ya huce takan dawo da kuzarinta.

Sai dai a nan ne malamai da dama suke karaya. An sa sabuwar manhaja, an haɗa firinta, an danna umarnin bugawa, amma shiru. Dalili shi ne kwamfuta da firinta ba harshe ɗaya suke yi ba. Suna bukatar tafinta, wato 'yar manhajar da ake kira direba, faifan da ya zo cikin kwalin firintar kuwa galibi na Windows ne. Abin sha'awa, tafiyar manhaja mai 'yanci ma da rikicin firinta ta fara. Wajen 1980, a cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka, Richard Stallman ya nemi asalin rubutun manhajar wata firinta da take yawan cije takarda domin ya gyara, aka hana shi. Wannan na cikin abubuwan da suka sa ya sanar da shirin GNU a 1983, bisa aƙidar cewa mai amfani da na'ura yana da haƙƙin sanin yadda take aiki.

A Linux, mai kula da sha'anin bugawa shi ne tsarin CUPS, wanda Michael Sweet ya ƙirƙira, aka fara fitar da shi a 1999. Aikinsa ya yi kama da na magatakarda: ya karɓi takarda, ya sa ta a layi, ya juya ta zuwa harshen da firinta take ji, sannan ya miƙa mata. Malami zai fara tabbatar da cewa an sa CUPS, domin wasu manhajoji marasa nauyi sukan bar shi a waje don rage kaya. Daga nan sai ya haɗa igiyar USB, ya kunna firinta, ya buɗe manhajar da ake shiga intanet da ita ya rubuta localhost:631. Wannan shafi a cikin kwamfutar yake, ba ya cin data. A ciki zai zaɓi ƙara firinta, ya nemo sunanta da lambarta, ya sa girman takarda A4, sannan ya buga shafin gwaji.

Idan sunanta bai fito ba, to direba ne babu. Firintocin HP suna da kunshin HPLIP, da yawa daga tsofaffin Epson da Canon kuma suna aiki da Gutenprint. Mafi yawan sababbin firintoci ba sa bukatar direba na musamman, CUPS yana gane su da kansa. Akwai kuma irin su HP LaserJet 1018 da 1020, waɗanda sai kwamfuta ta aika musu da wata 'yar manhaja duk lokacin da aka kunna su, kuma sai an sauko da ita daga intanet tukuna. Hikima ita ce malami ya rubuta lambar firintar makaranta, ya kammala duk sauke-sauken ranar da ya sami sabis mai ƙarfi, ko da a Zuru ne, tun jarrabawa ba ta ƙarato ba. Ya kuma lura da wuta: firinta mai garin tawada tana jan lantarki sosai lokacin da take ɗumama, ƙaramin janareto ko sola kan yi nishi da ita, ita kuwa mai ruwan tawada ba ta cin wuta amma takan bushe idan aka daɗe ba a yi aiki da ita ba.

Saura batun baƙaƙe masu lanƙwasa. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya samar da zubin haruffa na Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka share wa marubuta hawaye a lokacin, amma irin wannan zubi sai an sa shi a kowace kwamfuta kafin rubutu ya fito daidai. Yanzu tsarin Unicode ya ba kowane baƙi lambarsa ta dindindin. Linux tana da tsarin madannai na Hausa, zubin haruffa irin su DejaVu da Charis SIL kuma suna ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, manya da ƙanana. Idan dole ta sa a kai aiki shago, sai a mayar da shi PDF, domin shi yana tafiya da haruffansa duk inda aka kai shi.

Duk wannan ba ya bukatar digiri a fannin kwamfuta. Yana bukatar haƙuri na yini ɗaya da ɗan littafin da za a rubuta matakan da aka bi, saboda wanda zai gaji kujerar. Ɗalibin kwalejin ilimi ba shi da tabbacin inda za a tura shi, kuma makarantun da suka fi bukatar malamai su ne waɗanda mai gyaran kwamfuta ya fi nisa da su. Ya dace tun yana kwaleji ya nemi tsohuwar kwamfuta da firinta ya gwada da hannunsa, har ya ga ƙ ta fito da lanƙwasarta a shafin gwaji. Malamin da ya iya wannan ya tsare kuɗin makaranta, ya tsare sirrin jarrabawa, ya kuma tsare ƙa'idar harshen da aka ɗauke shi aiki domin ya koyar.