Asabar ɗin da muka gwada sabuwar na'urar wasa a zauren ƙungiya

Da yawa daga cikinku sun ji labarin hayaniyar da aka yi a zaurenmu na Agege ranar Asabar, wasu ma har sun tambaye mu ko faɗa aka yi. To, ba faɗa ba ne, wasa muka gwada, ga kuma yadda abin ya kasance.

Tun watanni biyu da suka wuce matasanmu suka kawo shawara cewa a cire kuɗi daga asusun ƙungiya a sayi na'urar wasan talabijin don yara. Dattawa suka ce atafau. Hujjarsu kuwa ba ta banza ba ce: kuɗin nan da su ake kai marar lafiya asibiti, da su ake sallamar wanda ya maƙale ba shi da kuɗin motar komawa Arewa. Kuma kowa ya ga yadda yaranmu ke duƙufa a kan waya, a kira su sau uku ba su ɗago kai ba. Mu da ke cikin kwamiti muka rasa inda za mu sa kanmu, domin mu ma iyaye ne, kuma mun san ɗakin haya ɗaya a Legas ba wurin guje-guje ba ne.

Ana cikin haka wani ɗan'uwanmu mai sayar da wayoyi a kasuwar kwamfuta ta Ikeja ya ce zai ara mana tasa ta yini ɗaya, a gani da ido, tun da gani ya kori ji. Sunan na'urar Nintendo Switch, ta wani kamfanin ƙasar Japan, ta fito a 2017. Wasan da ya sa mana a ciki shi ne Nintendo Switch Sports, wanda ya fito a watan Afrilu na 2022. Abin da ya bambanta ta da wasannin da muka saba gani a shagunan yara shi ne, ba zama ake yi ana danna maɓalli da babban yatsa ba. Ana riƙe wani ɗan ƙaramin abu ne da bai kai tsawon tafin hannu ba, ana kiransa Joy-Con. A cikinsa akwai na'urori masu jin saurin hannu da juyawarsa. In ka kaɗa hannu, ɗan mutumin da ke cikin talabijin shi ma sai ya kaɗa nasa. Kamfanin ya daɗe da wannan dabara, tun 2006 ya fitar da wata mai suna Wii wadda aka sayar da fiye da miliyan 100 a duniya.

Bayan la'asar muka ɗauke kujeru muka jingine su a bango, muka haɗa ta da talabijin ɗin da muke kallon ƙwallo. Wasannin da ta fito da su guda shida ne: tanis, badminton, ƙwallon raga, ƙwallon ƙafa, wasan takobi, da kuma bolin, wato mirgina ƙwallo mai nauyi a kayar da wasu katakai goma masu kama da kwalabe. Daga baya an ƙara golf da ƙwallon kwando. Tambayar farko da mutanenmu suka yi ita ce, ina dambe? Da aka ce babu, wasu mahauta biyu suka ce ashe ba a fara wasa ba.

Yara ne suka fara, kuma cikin minti goma sun gane komai, ba wanda ya koya musu. Mu manya kuwa abin kunya. Wanda ya fi kowa cika baki a cikinmu ya kai wa ƙwallon tanis duka tun ba ta iso ba, har sau biyar, yara na ta ƙyalƙyata dariya. A ƙwallon ƙafa kuma muka yi ta kai shuri a iska, alhali da hannu ake kaɗawa, sai in an ɗaura abin a cinya da wani maɗauri na musamman.

A gefe guda akwai dattijon da ya fi kowa adawa da sayen, tsohon mai fataucin shanu a mayankar Oko-Oba. Ya zo ne don ya ga abin da zai kafa hujja da shi. Jikansa ɗan shekara tara, wanda a nan aka haife shi, Yarbanci da Turancin titi sun fi Hausa sauƙi a bakinsa, shi ya je ya kama masa hannu.

"Kaka, zo ka yi ɗaya."

"Kai, rabu da ni, na yi maka kama da sa'anka?"

Yaron bai sake shi ba. Da ƙyar ya miƙe, ya naɗe hannun babbar rigarsa a kafaɗa, aka ba shi bolin. To, Kaka ba ya jin Turanci, dole yaron ya lalubo Hausar da yake da ita. "Ka danne nan. Kai hannu baya. Yanzu turo gaba, a hankali." Da ya rasa kalma sai kakan ya ba shi. Mu da muka san gidan mun san rabon da su yi magana mai tsawon haka an daɗe. Jifan farko ƙwallon ta faɗa lambatu. Na uku ya kwashe katakan goma kaf, zaure ya kaure da ihu. Wannan ce hayaniyar da maƙwabta suka ji. Ya juyo ya ce mana, "Ku garaje ne ya yi muku yawa." Da aka kammala, shi ne na biyu cikin mutum huɗu.

A wasan takobi ne aka yi ɓarna. Mutum biyu ke tsayawa a kan dandamali, kowa na ƙoƙarin tura ɗan'uwansa cikin ruwa. Akwai igiyar da ake zura hannu a ciki don kada abin ya suɓuce. Ɗayanmu ya ce shi da ya yi kiwo da sanda ba ya buƙatar igiya. Sara na biyu abin ya tashi sama ya daki fanka, ya faɗo a kan tabarma. Allah Ya sa bai fashe ba, amma mai shi ya yi shiru na ɗan lokaci, mu ma muka yi. Laifin namu ne, an gaya mana.

Akwai abin da ba za mu ɓoye muku ba. Kafin magariba manyan yaran sun gano cewa ana iya zama a kujera a riƙa karkaɗa wuyan hannu kawai a ci wasan. Saboda haka duk wanda ya ce wannan na'ura ita kaɗai za ta motsa wa yaro jiki, bai gan ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 60 kullum, babba kuma minti 150 a mako. Asabar ɗaya ba za ta cike wannan ba. Amma mun ga 'yan canji da masu shago, waɗanda ke yini a zaune daga safe har dare, suna share gumi, washegari kuma suna kukan ciwon kafaɗa.

Wajen ƙarfe shida aka ɗauke wuta. Na'urar tana da batir, wasan bai ɓace ba, amma ba talabijin. Muka tsaya gardamar wa zai biya kuɗin man janareto, kowa ya san yadda fetur ya koma tun 2023. Kafin mu gama, Kaka ya fitar da yaran tsakar gida ya nuna musu yadda ake kama ƙafa ɗaya a yi langa. Cikin yara goma sha huɗu, biyu ne kawai suka taɓa jin sunan wasan. Wannan ya fi komai tsaya mana a rai, domin mu ne ba mu koya musu ba.

Washegari kwamiti ya zauna. Ba a taɓa asusun taimako ba. An amince masu hali su yi karo-karo a sayi ta hannu. Za a kunna ta ranar Asabar kawai, daga bayan la'asar zuwa kiran magariba, a tsaye za a yi, kuma sai da igiya a hannu. 'Yan mata da iyayensu mata za su samu nasu lokacin ranar Lahadi, domin ranar gwaji daga taga suka yi ta leƙe, ba wanda ya tuna da su. Kaka ya kawo nasa sharaɗin: rabin lokacin na langa ne da sauran wasannin gida, kuma da Hausa za a yi magana a zauren. Shi ya fara ajiye nasa kuɗin.

Mai son sa hannu a karo-karon ya ga ma'aji bayan sallar Juma'a. Dattawan da suka iya wasannin dandali kuma, muna jiranku ranar Asabar.