Daga Zangon Agege Zuwa Sararin Samaniya: Guzurin Mai Doguwar Tafiya

Duk wanda ya taɓa kwana a Zangon Agege ya san ba a rasa ƙarar jirgin sama a can dare da rana, domin filin jirgin Ikeja maƙwabcinsa ne na kusa. Mutum yana zaune a rumfar masu goro sai ya ga jirgi ya keto ƙasa-ƙasa har ana iya karanta rubutun jikinsa. Mazauna unguwar sun saba, ba su ko ɗaga kai. Baƙo ne kawai ke tsayawa yana kallo.

Abin da ya fara tara Hausawa a wannan wuri shi ne goro. A da, fatake sukan yi watanni a hanya zuwa Gwanja domin su sayo shi. Da aka fara nomansa a ƙasar Yarbawa, kuma hanyar jirgin ƙasa da ta bi ta Agege ta kai Kano a 1911, sai ciniki ya karkato nan. Aka kafa zango, aka naɗa Sarkin Hausawa, mahauta da dillalan shanu suka biyo baya, har yau kuma babbar mayankar Ikko tana Oko-Oba, a gefen Agege. Iyayenmu sukan kwana a jirgin ƙasa kafin su ga Kano. Yau awa ɗaya da rabi ta isa a jirgin sama.

Filin da ke Ikeja ya sami sunan Janar Murtala Muhammed a 1976, shekarar da aka kashe shi, aka kuma buɗe babban gininsa na tafiye-tafiyen ƙasashen waje a watan Maris na 1979. Daga nan maniyyata ke tashi zuwa Jidda ko Madina, tafiyar awa biyar zuwa shida. 'Yan kasuwa na tashi zuwa Dubai, wajen awa takwas, wasu kuma su yada zango a Adis Ababa su zarce ƙasar Sin. Mai zuwa Landan zai yi awa shida da wani abu a zaune, mai zuwa Amurka kuwa zai haura awa goma. Wannan dogon zama shi ne ke ba mutane wahala, musamman dattawa da waɗanda ba su taɓa shiga jirgi ba.

Ya kamata mai karatu ya san irin ɗakin da yake shiga. Jirgi yakan yi nisan mita 10,000 zuwa 12,000 daga ƙasa, inda iska ba ta isa ɗan Adam numfashi. Saboda haka ana matsa iska a cikinsa har ta zama kamar ta kan dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400, watau sama da tudun Jos. Ga shi kuma iskar busasshiya ce, danshinta bai cika kai kashi 20 cikin 100 ba, kamar dai tsakiyar hunturu a Kano. Shi ya sa leɓe ke tsagewa, maƙogwaro ya bushe, kai ya yi nauyi. Maganin wannan shi ne shan ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, da rage shayi da kofi, da riƙe ɗan man shafawa. Sai dai a tuna, tun 2006 ba a barin fasinja ya wuce wurin bincike da abu mai ruwa wanda mazubinsa ya wuce mililita 100, don haka sai bayan an wuce ake sayen ruwa, ko a roƙi ma'aikatan jirgi.

Akwai dattawan da ke ƙin shan ruwa saboda kunyar tashi zuwa bayi a gaban jama'a. Wannan kunya tana da haɗari. Idan ƙafa ta daɗe a lanƙwashe ba motsi, jini yakan yi sanyin gudu a jijiyar sha-raɓa har ya daskare, gudan kuma yana iya ɓallewa ya toshe hanyar huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 cewa zaman da ya wuce awa huɗu yana ninka wannan haɗari sau biyu. Ya fi kusa da masu ƙiba, da mata masu ciki, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da wanda abin ya taɓa samu. Irin waɗannan su ga likita kafin tafiya, mai yiwuwa ya ba su safa mai ɗame ƙafa. Kowa kuma ya riƙa juya idon sawunsa yana zaune, ya tashi ya ɗan taka duk bayan awa ɗaya ko biyu in an ba da dama. Dattijo ya nemi kujerar bakin hanya tun wajen karɓar katin shiga, don kada ya riƙa tsallake mutane. Wanda ya sauka ya ga ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya gagare shi, asibiti ya kamata ya nufa nan take.

Wajen tufafi, Bahaushe yana da sa'a, domin kaftani da wando mai yalwa sun fi komai daɗin zama. Babbar riga mai sitati a ninke ta a akwati sai an sauka. A riƙe rigar sanyi ko mayafi mai kauri, gama cikin jirgi yakan yi sanyi da dare. Takalmi ya zama mai saki, tun da ƙafa kan ɗan kumbura. Maganin hawan jini ko na ciwon sukari ya kasance a jakar hannu tare da takardar likita, da fasfo, da katin rigakafin shawara da na sanƙarau waɗanda Saudiyya ke nema daga maniyyatanmu. Akwatin da aka auna aka tura yana iya yin latti, magani kuwa ba ya jira.

Lokacin sauka kunne yakan toshe saboda canjin nauyin iska. Haɗiye miyau, da hamma, da tauna wani abu suna buɗe shi, jariri kuwa a ba shi nono. A nan ne mutumin Agege zai kai hannu aljihu neman goro, to, sai a yi hattara. Saudiyya ta hana shiga da goro, Hukumar Alhazai ta Ƙasa kuma takan maimaita wannan gargaɗi kowace shekara. Haka Ingila da Amurka ba su yarda a shiga da nama ba, kilishi ko dambu. Alawa ko dabino sun wadatar.

Game da salla, a yi alwala tun a filin jirgi, a tambayi malami hukuncin ƙasaru da haɗa salloli kafin ranar tashi. Maniyyacin da zai sauka Jidda ya nufi Makka kai tsaye ya san lokacin da zai ɗaura harami tun bai shiga ba, domin bayin jirgi ƙarami ne. A kuma gyara agogo: Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, Dubai da uku, Sin da bakwai.

Saura hanyar zuwa filin. Gadar Pen Cinema da aka buɗe a 2021 ta rage cunkoson Agege, amma hanyar Ikeja ba a yi mata alkawari. Wanda ya fito da awa huɗu a hannunsa zai shiga jirgi hankali kwance, ba gumi ba haki, wannan kuwa rabin jin daɗin tafiyar ke nan.

Kakanninmu da suka bi ta Chadi da Sudan a ƙafa sukan yi shekaru kafin su ga Ka'aba, wasu ma ba su dawo ba. Mu da aka sauƙaƙa wa, abin da ya rage mana shi ne kula da jikinmu na 'yan awoyi, da kula da tsohon da ke kujerar kusa da mu. Allah ya kai kowa lafiya, ya dawo da shi lafiya, amin.