Augsburg, Garin da Kare Ke Shiga Jarrabawa

Augsburg tsohon birnin fatake ne a kudancin Jamus, bakin kogin Lech. A nan gidan Fugger suka tara dukiyar da har sarakunan Turai ke cin bashinsu. Amma baƙon da ya bar tsakiyar gari ya nufi unguwar masana'antu zai tarar da wani buro dabam: cibiyar ƙungiyar masu kiwon karen makiyayan Jamus, wanda mutanenmu ke kira berje, suna ɗaure shi bakin magaza.

Wani hafsan sojan doki, Max von Stephanitz, shi ya kafa ƙungiyar a 1899. Ra'ayinsa ɗaya ne: darajar wannan kare aikinsa ne, ba kyan gashi ba. Shi ya sa kafin ƙungiyar ta zaɓi kare a matsayin nagartaccen iri, sai ya ci jarrabawa.

Ta juriya ita ce abin kallo. Mai kare na bisa keke, karen na sassarfa a damarsa, kilomita 20, cikin saurin kilomita 12 zuwa 15 a awa. Bayan kilomita 8 a tsaya, a huta minti 15, alƙali ya ɗaga ƙafafun karen ɗaya bayan ɗaya yana duba tafinsu. Wanda ya ji ciwo ko ya yi laushi, an sallame shi ke nan. A ƙara kilomita 7, a sake hutawa, sannan a cike sauran 5. In zafi ya wuce digiri 22 ba a fita. Da a Zinder ne, sai a jira hunturu. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙarshen: a da, bayan duk wannan gudu, akan gwada biyayyar karen. Kare mai huci, harshe waje, nan ake gane ko biyayyarsa ta gaskiya ce.

Babbar jarrabawar, wadda aka sa wa suna IGP a 2019, kashi uku ce: bin sawu, biyayya da tsaro. Ana harba bindiga, kada ya razana. Ya tsallake shinge mai tsawon mita 1 ya ɗauko itace. Ya cafke hannun mutumin da ya sa rigar kariya, amma da an ce ya saki, ya saki nan take. Wanda ya ƙi, ya faɗi, komai ƙarfinsa. Ɗan kasuwar da ke neman kare don tsananin cizo kaɗai ya lura da wannan.

Duk da haka rigima ba ta ƙare ba. Masu kiwo don gasar kyan siffa sun fito da karnuka masu gangararren baya, likitocin dabbobi kuma sun daɗe suna kuka da ciwon ƙugu a wannan iri. Yau ƙungiyar na neman hoton ƙashin ƙugu da na gwiwar gaba kafin ta yarda a yi barbara.