Ba Lalacewa Ta Yi Ba, Baƙuwa Ce

Duk mai sayar da kayan lantarki na hannu ya san kuɗin ciniki ba ya zama nasa sai an kwana uku ba a dawo masa da kaya ba. Na fi shekara ashirin ina wannan sana'a a Kwatano, kuma a 'yan shekarun nan ba abin da ake yawan dawo mini da shi kamar tsohuwar PlayStation 2. Wasa kam tana yi. Amma samarin yanzu so suke su naɗi wasan a kwamfuta su ɗora a YouTube ko TikTok. Da sun jona ƙaramar na'urar naɗa ta USB suka ga hoto baƙi da fari, ko yana birgima, ko allo ya yi duhu, shi ke nan Alhaji ya sayar musu da gawa. A ƙasar da kake baƙo kuwa, sunanka shi ne jarinka.

Autana ne ya sa na zauna na koyi abin. A nan aka haife shi, 'yan uwansa suna Kano da Maraɗi, yana so ya riƙa tura musu ƙwallayen da yake ci a Winning Eleven, wasan ƙwallon kamfanin Konami da a Turai ake kira Pro Evolution Soccer. Bayan isha'i sai mu baje wayoyi a tabarma, shi yana karanto Turanci da Faransanci, ni ina gwadawa. Abin da muka gano shi ne yawancin na'urorin nan lafiyarsu ƙalau. Kowace da tsarin ƙasar da aka ƙera ta dominta take aiki.

Tsohuwar talabijin tsari uku gare ta a duniya. Amurka da Japan suna kan NTSC: layi 525, hoto yana sabuntawa kusan sau 60 a daƙiƙa. Ingila, Jamus, Najeriya da Gana suna kan PAL: layi 625, sau 50. Faransa ta yi nata SECAM, Nijar da Benin suka bi ta. Kwantena kuwa ba ruwanta, duk a haɗe take sauke su a tashar jirgin ruwa. Kala ma kowane tsari da inda yake ajiye ta, NTSC a megahaz 3.58, PAL a 4.43. In na'urar naɗa tana jiran PAL aka ba ta NTSC, za ta ga hasken ta rasa kalar. Asalin baƙi da farin ke nan. Talabijin ɗin gidajenmu da yawa suna karɓar kowane tsari da kansu, shi ya sa yaro zai rantse maka a talabijin lafiya lau, a kwamfuta ne abin ya ƙi.

Don haka kafin komai, juya na'urar ka karanta lambar da ta fara da SCPH. Lambar ƙarshe ita ce fasfonta: 0 Japan, 1 Amurka, 3 Ingila, 4 sauran Turai. A wurin kuma za ka ga ƙarfin wutar da take sha. Ta Japan bolt 100, ta Amurka 120, mu kuwa tamu 220 ce zuwa sama. Babbar PS2 ta Japan ko Amurka in ka soka ta a bango ba taransifoma mai rage wuta, wannan kam lalacewa ce ta gaske, har da hayaƙi.

Sai ka duba faifan. Yawancin waɗanda ke hannun yaranmu an sa musu cif don su ci faifan kowace ƙasa, kuma a PS2 wasan ne ke zaɓar tsarin hoton. Na'urar Turai ce, amma da ka sa Winning Eleven na Japan sai ta koma 60. A manhajar naɗa, irin su OBS, ka shiga saitin na'urar USB ɗin ka nemi inda ake zaɓar tsari: NTSC_M don faifan Japan da Amurka, PAL_B don na Turai. Wasu wasannin Turai suna tambaya tun farko, 50 ko 60. In ka zaɓi 60 kala ta gudu, gwada NTSC_M, in bai yi ba ka koma 50. Saurin naɗa ma ya dace da tsarin, 25 ko 50 ga PAL, 29.97 ko 59.94 ga NTSC. In bai dace ba hoto zai riƙa tsalle, wani lokaci mai sharhi ya yi ihun gol ƙwallo tana tsakiyar fili.

Allo mai duhu ko kore kuma sau da yawa daga 'yar na'urar da ke mayar da PS2 zuwa HDMI ne. Ba ta fahimtar RGB. Ka mayar da tsohuwar waya mai kai uku, rawaya da fari da ja, ka shiga System Configuration, a wajen Component Video Out ka zaɓi Y Cb/Pb Cr/Pr, sannan ka sake jonawa. Wani saurayi ya taɓa zuwar mini rumfa da wansa, rai a ɓace, na'ura a leda. Ya ce, "Alhaji, tsakani da Allah a ba ni kuɗina." Maƙwabta har sun fara leƙe. Na ce, "Ɗana, zauna ka sha ruwa tukuna." Autana ya canza wannan saiti ɗaya, ko minti biyu ba a yi ba hoto ya fito tar. Wan nasa ne ya fara ba da haƙuri, kuma har yau a wurina suke saye.

Akwai wadda saiti ba ya magance ta. Faifan PlayStation ta farko yana fitar da hoton da ake kira 240p, wasu wasannin kuma suna tsallakawa zuwa 480i idan an buɗe jerin zaɓi. Na'urorin naɗa masu araha sukan ɗauke na 'yan daƙiƙu a duk tsallake, wasu ma ba sa ganin 240p sam. Wannan sai na'urar da aka ƙera musamman don tsofaffin wasanni, irin RetroTINK, kuma tana da tsada. Gara ka faɗa wa mai saye tun kafin ya ƙirga kuɗi.

Yanzu duk wadda ta shigo rumfata sai na manna mata takarda: ƙasarta, wutarta, tsarin hotonta. Ina kuma tambayar mai saye, wasa kawai za ka yi ko naɗa? Ga iyaye kuma, in yaro ya zo yana ƙorafin abin da ka sayo masa bai yi ba, kada ka ce ɓata lokaci ne ka kore shi. Ku zauna ku bi su ɗaya bayan ɗaya: lamba, wuta, faifai, waya, saiti. Abu ɗaya ake canzawa a gwada kafin a taɓa na gaba. Ni dai a kan tabarmar nan na ji hirar da yaron nan bai taɓa yi da ni ba, kuma yanzu shi ke gwada kaya a rumfa ranar Asabar. Sharaɗina ɗaya ne, in an kira salla a ajiye.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya shirya mana zuri'a, ya mai da kowa gida lafiya.