Injin Sifinja Da Gardamar Magada

Duk wanda ya san Kasuwar Libya ta Umdurman a shekarun da ake lodin kaya zuwa Kurdufan da Darfur, ya san motar nan mai dogon hanci da ake kira Sifinja. Lori ce ƙirar Bedford TJ, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1958. Sunan kuwa daga silifas ɗin roba aka aro shi, saboda laushin tafiyarta. Kamfanin ya daina ƙera manyan motoci a 1986, amma makanikan ƙasar nan ba su bari ta mutu ba. Sukan wargaza ta kaf, su ƙara wa shasi tsawo da ƙwari, su ƙara ganyen sifirin, su ɗora mata bodin ƙarfe, har ta riƙa ɗaukar kayan da Baturen da ya zana ta bai taɓa mafarki ba.

To, irin wannan mota marigayi mahaifinmu ya bar mana, mu shida. Da ita aka ciyar da mu, da ita aka biya mana kuɗin makaranta. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, muka bar ta a tsakar gida muka gudu da yara. Da muka komo, bayan sojoji sun karɓe Hartum a Maris 2025, muka tarar an kwashe tayoyi da batir da wayoyi. Injin kaɗai aka bari, ba don tausayi ba, sai don ya fi ƙarfin ɗauka.

A kan wannan inji ne muke ta kai-kawo. Ƙannenmu suna son a cire shi, a sayar wa masu awon tsohon ƙarfe, a sa injin Japan na hannu kamar yadda mutane da yawa suka yi. Hujjarsu ba ta banza ba ce. Kayan gyaran Bedford sun yi wuya, gida kuma yana jiran abinci. Autanmu ma cewa ya yi, "Yaya, wane asali kuke karewa? Shasin an tsawaita shi, bodin a nan aka ƙera, ko fentin ba na Ingila ba ne." Maganar ta shige mu, domin gaskiya ce.

A Amurka, masu tara tsofaffin motoci masu ƙarfin gudu suna da ƙa'ida a kan wannan. Sukan duba lambar da aka buga a jikin inji, su gwada ta da ta mota. In sun dace, wato injin da ta fito da shi ke nan, sai farashi ya yi sama. A 2014 an yi gwanjon wata Plymouth Hemi Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi, da injinta na asali, a kan dala miliyan 3.5. Mu dai ba ma yaudarar kanmu. Babu attajirin da zai zo Umbadda neman lambar injin lori. Dalilanmu na gida ne.

Duk canje-canjen da magabata suka yi wa motar nan, a kan ƙarfin wannan injin suka auna su. Giya da aksul da shi suka saba. In aka kawo baƙo, sai an yanka mazauninsa an yi walda, sai an yi dabarar haɗa shi da giya, in kuma ya fi ƙarfinta, haƙoranta ne za su biya. Shi kuwa namu, silinda shida ne na dizal, famfonsa na ƙarfe zalla, ba kwamfuta a ciki. Direba da yaronsa suna iya kwance shi a gindin bishiya a hanyar Ubayyid su mayar. Tsohon ustan da ke duba shi tun muna ƴan firamare, da kunne yake gane nozul ɗin da ya toshe. Ran da aka ɗora irin waɗannan injuna a kan sikeli, wannan ilmi ma ya bi su, don ba a littafi yake ba. Mu da muke koyarwa mun san yadda abu ke ɓacewa in aka rasa abin nuna wa yaro.

Gyaran da muke nufi shi ne wanda ake kira amra a nan. A kai gangar injin wurin masu injin fiƙe ƙarfe, a rarake silinda a sa mata sabuwar riga, a goge karanshaf a nemo masa beyarin daidai sabon awonsa, a canja fistin da ringi da gaskit, a daidaita famfo. Duk waɗannan kayan cinyewa ne, dama don a canja su aka yi su. Gangar nan mai lamba ita ce ba ta da madadi.

Bayan zama uku a gaban mahaifiyarmu, ga inda aka tsaya. Za a wanke gangar a bincika ko ta tsage. In lafiya take, a yi amra, mu masu albashi mu ɗauki rabin kuɗin, tunda mu muka nace. In ta tsage, a sa na Japan, amma tsohon ba zai je sikeli ba. A shafe shi da giris a lulluɓe a zaure, kuma duk wanda ya zo sayen motar wata rana a gaya masa abin da ke cikinta. Usta ya ce mu koma ranar Asabar mu ji sakamako.